Filin Manoma da Makiyaya: Wane kifi ne ke cin gansakuka?

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta kira talakawa su kama noman rani, garake sun yi yawa a jihar Maraɗi. A ƙasar Dakoro ma, inda ruwan sama bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba, akwai masu garka a kwarin Tarka da bakin tabkuna. Da yawa sun gina ramin siminti na tara ruwan ban ruwa. Ba a daɗewa sai ruwan ya koma kore, bango ya yi santsi. Wannan ita ce gansakuka. Mai garka yakan ji an ce kifi na cinye ta. Gaskiya ne, amma ba kowane kifi ba. Wanda ya zaɓi kifin da bai dace ba ya yi asarar kuɗinsa da wahalarsa.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka tsiro ce kamar ciyawa, sai dai ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Abu uku take so: ruwa mai kwanciya, hasken rana, da taki. Ruwa ba ya tsami banza. In an ga ya yi kore ƙwarai, to kashin dabbobi ko takin zamani na shiga cikinsa.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai laushi kamar gari, wadda ke rine ruwa duka. Akwai mai zare-zare, wadda ke kama bango da duwatsu. In ba ta yi yawa ba, gansakuka ba cuta ba ce. Abinci ce da Allah ya ajiye wa kifi cikin ruwa, ba a sayen ta da ko dala.

Karfasa ce ta wannan aiki

Kifin da ya dace shi ne karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza. Kifin ƙasar nan ce. Akwai ta a kogin Kwara, akwai ta a tabkin Madarumfa, kudu da Maraɗi. Tana cikin kifayen da ake zubawa a tabkunan ƙasar Nijar don su hayayyafa. Karfasa tana tace ruwa da bakinta ta haɗiye gansakuka mai laushi. Tana kuma kalato wadda ta manne a bango. Ke nan abin da ya dami mai garka shi ne ke zama nama.

Tana da amfani na biyu. Tana cin ƴaƴan sauro da ke iyo cikin ruwa. An gwada wannan a yammacin ƙasar Kenya, aka buga sakamakon a 2007. An zuba karfasa a kududdufan da aka yi watsi da su. Bayan mako 15, ƴaƴan sauro mai kawo zazzaɓi sun ragu da fiye da kashi 94 cikin 100. Duk da haka gidan sauro yana nan da aikinsa, ba a ajiye shi don an zuba kifi.

Kifayen da ba na wannan aiki ba ne

Tarwaɗa kifi ce mai ƙarfin rai. Tana shaƙar iska, tana jure ruwa mai laka. Amma abincinta tsutsa ne, da ƙwari, da kwaɗi, da ƙananan kifaye. Ba za ta share gansakuka ba. In yunwa ta kama ta, har ƴan uwanta take ci.

Gaiwa tana shiga cikin laka ta kwana har damina ta dawo. Ita ma ba gansakuka take nema ba, dodon koɗi da ƙananan dabbobin ruwa take ci.

Giwan ruwa kuwa mafarauci ne. Ba a sa shi a ramin garka ko ƙaramin tabki. A gabashin Afirka akwai babban tabki mai suna Biktoriya, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a cikinsa. Zuwa shekarun 1980 ya cinye irin ƙananan kifaye da yawa, har da masu cin gansakuka. In babban tabki ya ga haka, ina ga ramin garka? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A birane akwai masu ajiye kifi cikin akwatin gilashi don ado. Sukan sayi wani baƙon kifi na Kudancin Amurka mai bakin tsotso, wanda ke lashe gansakukar gilashi. Ƙashi ya fi nama yawa a jikinsa. Ba kifin manomi ba ne, kuma ba a sakin sa cikin tabki.

Yadda ake zubawa

1. A tabbata ruwan zai kai wata 6 bai ƙafe ba. Karfasa ba ta rayuwa cikin laka. In ruwa ya ƙafe, ta mutu.

2. Zurfin ruwa ya kai mita 1. Ruwa marar zurfi yana zafi da bazara, yana sanyi da hunturu. Karfasa ba ta son sanyi. In ɗari ya yi tsanani sai ta rage ci. In ruwa ya sauka zuwa digiri 11 ko 12, tana iya mutuwa. Saboda haka ba a kawo ƴaƴan kifi a tsakiyar Disamba ko Janairu.

3. A ƙidaya kifin. Ramin da ke da mita 3 tsawo, mita 2 faɗi, ya ishi kifi 12. Kududdufi mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ya ishi kifi 200. Wanda ya cika rami da kifi don haɗama, ƙanana zai kwasa.

4. A ɗauko ƴaƴan kifi da sanyin safiya, a rufe mazubin daga rana. In an iso, kada a juye su nan take. A sa mazubin cikin ruwan rami na ɗan lokaci, a riƙa ƙara masa ruwan ramin kaɗan-kaɗan, sannan a bar su su fita da kansu.

5. In an ja ruwa don ban ruwa, a bar rabi, a sake cikawa. A ɗaura raga a bakin bututu don kada kifi ya bi. Ruwan da kifi ya zauna a ciki yana ɗauke da taki, salati da kabeji da albasa suna son sa.

6. A ƙara musu ɗan dusar gero da safe da la'asar, gwargwadon abin da za su cinye nan da nan. Abin da ya ragu yana ruɓewa ya ɓata ruwa.

Da kulawa mai kyau, cikin wata 6 karfasa takan kai giram 200 ko fiye.

Matsalar yawan haihuwa

Karfasa tana fara haihuwa tun tana da wata 5 ko 6. Macen tana riƙe ƙwai cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, shi ya sa ƴaƴan ke tsira da yawa. In aka ƙyale su, rami ya cika da ƙananan kifaye da ba su girma. Magani biyu ne. Ko a zuba maza zalla, don sun fi saurin girma. Ko kuwa, bayan karfasa ta yi ƙwari, a sa tarwaɗa kaɗan, kamar 1 ga karfasa 10, ta riƙa rage ƴaƴan. A nan ne tarwaɗa ke da amfani.

Awon hannu

Ga yadda ake sanin gansakuka ta yi daidai. Mai garka ya tsoma hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu, ya buɗe tafi. In yana ganin tafin dishi-dishi, ruwa ya yi kyau. In yana ganin sa sarai, abincin kifi ya yi kaɗan. In tafin ya ɓace tun bai kai gwiwar hannu ba, gansakuka ta yi yawa. Da rana tana ba ruwa iska, amma da dare tana shanye ta. Shi ya sa akan tarar da kifi da asuba sun taso sama suna haki. In an ga haka, a tsayar da dusa, a rage tsohon ruwa, a zuba sabo.

Gargaɗi ga makiyaya

Kwamin shayar da dabbobi ba wurin kifi ba ne. Yana ƙafewa kullum, yana zafi. Maganin gansakukar kwami shi ne a zubar da ruwan, a goge da tsintsiya, a bar rana ta busar da shi.

Akwai kuma wata gansakuka mai haɗari. Da zafin bazara takan taru a saman tabki kamar an zuba koren fenti, wani lokaci da ɗan shuɗi da wari. Iska na kora ta zuwa baki, daidai inda dabbobi ke sha. Irin wannan tana iya zama da guba mai kashe saniya ko tunkiya cikin yini guda. Kifi ba ya kawar da gubar, tafasawa ma ba ta kawar da ita. A kora garke zuwa rijiya, a sanar da ma'aikacin dabbobi. Yara ma kada su yi wanka a ciki.

Ruwan ramin kifi ba na sha ba ne. Kada kuma a wanke famfon feshin ƙwari a ciki ko kusa da shi, don maganin ƙwari kaɗan ya isa ya kashe kifin duka.

Manyan tabkuna irin na Birnin Lalle da Akadane dukiyar jama'a ce, manoma da makiyaya da masunta duka suna da rabo a ciki. Mutum ɗaya ba ya zuba musu kifi da ra'ayin kansa. Ma'aikatan gandun daji su ne masu kula da sha'anin kifi. Wanda ke son irin karfasa ya fara zuwa wurinsu a Dakoro, ya faɗi girman raminsa da watannin da ruwa ke zama a ciki, su nuna masa inda zai samu iri mai kyau.

Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.