Manhajar Kyauta: Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana

Daga Wakilinmu

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Saboda haka ɗalibin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da bai saba da na'urar ba, an riga an bar shi a baya tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Haka kuma akawun ƙaramar hukuma wanda aikinsa ya koma kan kwamfuta.

Abin mamaki shi ne, akwai manhajojin da masu su suka yarda kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya gyara, ya raba, ba tare da biyan ko kwabo ba. Daga cikinsu akwai Ubuntu mai tafiyar da kwamfuta, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Kiwix mai buɗe Wikipedia ko babu intanet. To, me ya hana su isowa?

Da farko dai sabon shiga bai san sunayensu ba, balle inda zai same su. Na biyu, saukar da Ubuntu kaɗai ya haura gigabait 4, bayanin girka shi kuma yawanci da Turanci yake. Na uku, ita kanta hanyar ba ta da tabbas. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da waɗannan uku. Makonni da dama aka yi ba wanda ya iya saukar da komai.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Kamfanin Canonical ya daɗe yana aika faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya zuwa ƙasashen duniya, sai a 2011 ya daina.

Mu kuwa muna da tamu hanyar. Da wuya ka shiga kasuwa ba ka ga masu tura waƙoƙi da fina-finai a waya ba, kuma doka ba ta hana su raba waɗannan manhajoji ba. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta zaɓi kaɗan masu amfani, ta zuba su a filas tare da bayani cikin Hausa, ta raba wa makarantu da masu turi, ta kuma horar da malami ɗaya a kowace sakandare. In ba haka ba, sunan kyauta kawai za a riƙa ji daga nesa.