WANDA YA TSIRA DAGA HATSARI, KADA FITSARI YA KASHE SHI

Tun daga shekarar 1974 da aka gama madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama rumbun Jihar Kano. Ruwan da ke bin kanal-kanal na Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, ya ba manomi ikon noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa ba tare da jiran damina ba. To, amma inda arziki ya sauka, zirga-zirga na biye da shi. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a kakar tumatir, ya wuce ta kasuwar Kwanar Gafan, ya ga yadda leburori ke ɗarewa bisa kwanduna a kan motoci, da yadda ake labta wa babur kayan da suka fi ƙarfinsa. Binciken da likitoci suka yi a asibitocin ƙasar nan ya nuna hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen karya ƙashin baya da na wuya, sai faɗowa daga bisa.

Idan karayar ta taɓa laka, watau jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, ƙafafu kan shanye. Wannan kowa na gani. Abin da ba a gani, kuma kunya ba ta barin a faɗa, shi ne mafitsara ita ma ta daina jin umurni. Mai ciwon ba ya sanin ta cika, ba ya kuma iya fitar da abin da ke cikinta duka. Fitsarin da ya kwanta kuwa gona ce ga ƙwayoyin cuta, daga nan sai su haura zuwa ƙoda, su shiga jini. Mutumin da aka sha wahala aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka sayar da gona aka yi jinyarsa, sai ya dawo gida ya rasu bayan 'yan watanni, a ce zazzaɓi ne.

Tarihi ya nuna wannan mutuwa ana iya tare ta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan sojan Amurka Harvey Cushing ya ba da labarin cewa kashi 80 cikin 100 na sojojin da suka sami rauni a laka sun mutu cikin makonnin farko, kuma cutar mafitsara da gyambon kwanciya su ne manyan dalilai. A 1944 Dokta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya dage a kan juya majinyaci a kai a kai da kuma fitar masa da fitsari a kan lokaci, sai mutane suka riƙa rayuwa. A 1972 kuma Dokta Jack Lapides na Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa mai ciwon da kansa zai iya sa robar fitsari ya cire a gida, muddin ya wanke hannu da sabulu, robar kuma tana da tsabta. Darasin da ya fito fili shi ne barin mafitsara ta cika ta kumbura ya fi komai haɗari.

Hanyoyin kula da fitsarin nan iri biyu ne. Ta farko, a sa roba a fitar da fitsari a cire, bayan kowace awa 4 zuwa 6, don kada abin da ya taru ya wuce rabin lita. Ita ce likitoci suka fi so ga wanda hannayensa ke aiki. Ta biyu, a bar robar a jiki haɗe da leda. Mai irin wannan wajibi ne ledarsa ta zauna ƙasa da mafitsara amma kada ta taɓa ƙasa, a zubar da ita kafin ta cika, a ɗaure robar a cinya don kada ta fizge, a wanke wurin da ruwa da sabulu kullum, kada kuma a riƙa raba roba da leda ba dalili. Robar da aka fi samu a nan kada ta wuce wata ɗaya ba a sake ta ba. Bugu da ƙari ya yawaita shan ruwa, musamman a bazara da zafi kan haura digiri 40. Wanda ya rage shan ruwa don jin nauyin masu jinyarsa, kansa ya cuta.

Akwai abubuwa uku da suka sa lamarin ya fi tsanani a yankin noman rani. Na farko ruwa. Ga shi nan yana gudu ta bayan gida, amma ruwan kanal bai dace da wanke roba ko hannun da zai taɓa ta ba, sai na famfo ko na rijiyar burtsatse, ko wanda aka tafasa ya huce. Na biyu tsargiya. Dodon koɗin da ke cikin kanal shi ke rainon wannan cuta, kuma da yawa daga manoman yankin sun taso da fitsarin jini tun suna yara. Tsargiya kan taurara mafitsara ta toshe hanyar ƙoda, har ma wani lokaci ƙwayayenta kan kai ga lakar kanta. Saboda haka duk majinyacin da ya fito daga wannan yanki a auna shi, in an same ta a ba shi maganin praziquantel. Na uku sauro. Da yake zazzaɓin cizon sauro ya zama ɗan gida, kowane zafin jiki sai a ɗora masa laifi, a yi kwana biyar ana shan maganin da ba nasa ba, alhali kuwa ƙoda ce ke ci.

Mai rauni a laka ba ya jin zafin fitsari kamar sauran mutane. Alamunsa su ne zazzaɓi da rawar sanyi, da kasala, da ƙaruwar fizgar ƙafafu, da yoyon fitsari ta gefen roba. Wanda rauninsa ke wuya ko saman baya kuwa, in robar ta lanƙwashe ko ta toshe, jininsa na iya hawa nan take, da matsanancin ciwon kai da zufa. Sai a zaunar da shi, a sassauta masa tufafi, a duba robar, in bai lafa ba a garzaya asibiti. A ɗaya gefen kuma, canjin launi ko warin fitsari kaɗai, in babu sauran alamu, ba dalilin ruga wa kemis ba ne. Kusan duk mai roba a jiki akwai ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, kuma yawan shan magani barkatai shi ke sa su kangare, ranar da ake bukatarsa ya ƙi aiki. A auna fitsari tukuna, likita ya zaɓi magani.

Hakkin da ke kan hukuma a sarari yake. Kada a sallami majinyaci sai an koya masa, shi da mai jinyarsa, yadda ake sa roba da cire ta, an kuma ba shi bayanin a rubuce da Hausa, boko da ajami. Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko su ajiye robobi da ledoji da man sa roba a asibitin Kura da ƙananan asibitocin Bunkure da Garun Malam, su horar da ma'aikata maza da mata, don kada a riƙa ɗaukar shatar mota zuwa birni saboda aikin minti goma. Su kuma haɗa waɗannan asibitoci da Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam, inda za a riƙa duba ƙodar majinyata ko sau ɗaya a shekara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci kuma an sa mata hannu a watan Janairu na 2019. Saura a ga amfaninsu a gefen tabarmar majinyaci.

Jama'a ma da nasu kason, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da na 'yan kasuwar tumatir, waɗanda ke tara kuɗi don yashe kanal, ba za su kasa saya wa ɗan'uwansu roba a wata ba. Malamai kuma su bayyana wa mutane sassaucin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari game da alwala da azumi, don kada wani ya ƙi shan ruwa ko ya ɓoye ciwonsa. Ɗaliban makarantun jinya da na tsabta da za a tura karkara su riƙe wannan aiki da muhimmanci. Manomin da ya ciyar da birni shekara da shekaru ya cancanci robar da za ta tsare masa rai.