Git, Ki Faɗa Mana Inda Facin Ya Ƙi Kamawa



Yau ƙorafina a kan Git ne, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, wadda masu rubuta manhaja ke adana aikinsu da ita. Wani ya turo maka gyara, wato faci, ka ɗora shi da git apply, ya ƙi zama. Sai ta ce "patch does not apply", ta ba ka sunan fayil da lambar layi, shi ke nan.

Haba jama'a! Ko mai facin taya yakan tsoma tub a ruwa ya nuna maka inda iska ke fita.

Git ta san layukan da ta nema ta rasa. Ka ƙara --verbose ka gani, za ta zayyano su. To don me sai an roƙe ta? Sau da yawa matsalar ƙarshen layi ce kawai: Windows na amfani da CRLF, Linux kuma LF, ido ba ya ganin bambancin.

Gwanaye za su ce a je a karanta littafin bayani. Yaron da ke koyo a Sabon Ibadan ko Agege, da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, a nan yake karaya ya watsar da karatun. Alhali git am, idan ta tsaya, tana faɗa maka umarnin da za ka bi. Ashe ana iyawa.

Abu uku muke nema a saƙon: me ta nema, me ta tarar, me za a gwada.

Allah Ya sa su ji.