Wikipedia ba filin kirari ba ce

Yawancin matasanmu da ke buɗe asusu a Wikipedia, ta Hausa ko ta Faransanci, da abu ɗaya suke farawa: tarihin kansu, ko na ubangidansu ɗan siyasa, ko na ƙungiyar da suka kafa bara. A jera “haziƙi”, “gwarzo”, “jagoran matasa”, a liƙa hoto da babbar riga. Kwana biyu a dawo a tarar an goge shafin. Sai rai ya ɓaci, a ce hassada ce, ko a ce Turawa ba sa son a san ɗan Nijar. Mu dai a ganinmu dokar da ta sa aka goge tana kan daidai, ko da yake masu aiki da ita su ma akwai gyara a wajensu.

Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shafin ranar 15 ga Janairun 2001, kowa na iya gyara kusan kowace maƙala ba tare da an tambaye shi takardar makaranta ba. Wurin da ƙofarsa ke buɗe haka, in ba a kafa sharaɗi ba, kasuwar ƴan talla zai koma. Sharaɗin kuwa shi ne sai wasu, waɗanda ba ka ba su ko dala ba, sun riga sun yi rubutu mai zurfi a kanka. Wikipedia ta Faransanci ma ta fayyace: a samu aƙalla rahotanni biyu da suka tsaya kan mutumin, a manyan kafofin ƙasa ko na duniya, da tazarar shekara biyu tsakaninsu. Shafinka na Facebook ba ya cikin lissafi, haka sanarwar da ka rubuta da hannunka ka kai wa ɗan jarida ya buga. In maƙalar ta shafe ka, ko danginka, ko wurin aikinka, abin da ake so shi ne ka faɗi alaƙar, ka kai ƙorafinka shafin tattaunawa, wani ya duba. In kuwa biyan ka aka yi, tun 2014 ƙa'idojin gidauniyar Wikimedia sun wajabta ka bayyana wanda ya biya.

Kada wani ya ɗauka talaka kawai ake taka wa birki. Shi kansa Wales ya sha suka a 2005 da aka gano yana gyara tarihinsa yana rage rawar Sanger. A 2012 marubucin Amurka Philip Roth ya nemi a gyara wani bayani kan littafin da shi ya rubuta, aka ce masa maganarsa ita kaɗai ba ta isa ba, sai da ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar The New Yorker. Abin kamar wasa, amma da hikima: mai gyaran da ke bayan kwamfuta ba shi da hanyar sanin ko kai ne ko wani ne ya ari sunanka, abin da aka buga kuwa kowa na iya komawa ya duba.

Akwai kuma abin da masu son a yi musu shafi ba sa hangowa. Maƙalar ba taka ba ce. Ranar da jarida ta buga labarin shari'arka ko bashin da ka ci, wani zai ƙara shi a ƙarƙashin hoton nan na babbar riga, kuma ba ka da ikon cirewa. Masu cewa “kawo jika ashirin in yi maka shafi” ba za su gaya maka wannan ba. A 2015 an toshe asusu 381 a Wikipedia ta Ingilishi, na wani gungu da ke karɓar kuɗin ƴan kasuwa su yi musu maƙala, daga baya su dawo suna neman kuɗin “kariya” kowane wata.

To, saura tsofaffin hannu. Cikin ƙa'idojin shafin akwai wadda ta hana cizon baƙo, akwai wadda ta ce a kyautata wa mutum zato. Yaron da ya rubuta tarihin kansa ba ɓarawo ba ne, bai san gari ba ne kawai. A manna masa gargaɗi da ja cikin wani dogon Faransanci, ba sallama ba bayani, ai an kore shi ke nan, alhali shi ne wanda gobe zai iya rubuta tarihin Tasawa ko Madarumfa. Layi biyu da Hausa, “sannu da zuwa, ga dalilin da ya sa, ga inda za ka fara”, ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ita ma dokar shahara tana tuntuɓe. A watan Mayun 2018 an ƙi karɓar maƙala kan Donna Strickland, masaniyar kimiyya ƴar Kanada, wai majiyoyin ba su isa ba. A watan Oktoba ta ci kyautar Nobel. In haka ta faru da farfesa a Kanada, ina ga malamin zaure da ya shekara arba'in yana karantarwa a Damagaram, ko makaɗin da duk Arewa ta san waƙarsa amma ba jaridar da ta taɓa zama da shi? Iliminmu da yawa a baki yake, Wikipedia kuwa takarda take nema. Sassauta dokar ba zai taimaki malamin ba, mai kuɗi da ɗan takara ne za su fara kutsawa. Aikin yana kan jaridu da gidajen rediyo da jami'o'inmu: a je a yi hira, a rubuta, a ajiye a inda za a same shi bayan shekara goma. Ga shi tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ƴan lakwal kuma abin da suka tarar a waya shi suke kwafewa cikin littafinsu.

Sabon shiga, ga shawara. Bar sunanka tukuna. Buɗe maƙalar garinku ka gyara ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ da aka zubar, ka faɗi abin da ka canza a gurbin taƙaitawa. In ka yi magana a shafin tattaunawa, ka sa hannu da alamar ~ sau huɗu. In an soke gyaranka, tambayi dalili kafin ka mayar. A ta Ingilishi, mayarwa fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 na iya jawo a toshe ka. Kada ka buɗe asusu na biyu don ka mara wa kanka baya, ana ganewa. Kada kuma ka zuba fassarar na'ura ka tafi ba ka karanta ba. Abin rubutawa bai ƙare ba: yaƙin Sarauniya a Lugu a 1899, aikin Abdou Moumouni kan hasken rana, gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975 da Kantu na Maraɗi ya lashe. Duba abin da aka rubuta a kansu da Hausa, ka nemo littafi ko jarida, ka ƙara sakin layi ɗaya da majiyarsa.