Kada Mu Fesa wa Eriya Fenti

'Yan uwa, batunmu na wannan makon tsawonsa bai fi mita ɗaya ba. Eriyar tsohuwar mota muke nufi, irin wadda ke miƙewa da kanta idan an kunna rediyo, ta koma ciki idan an kashe. Wanda ya san Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, ya san ɗan gurnanin da take yi a gefen but kafin murya ta fito. Da yawansu aikin kamfanin Hirschmann ne na Jamus.

Abin da ke ba mu takaici shi ne yadda muke kashe su da hannunmu da sunan gyara. A kai mota wajen mai fenti, ya ga sandar eriya ta dusashe, sai ya fesa mata ruwan azurfa don ta yi ƙyalli. Ranar za ta yi kyau. Bayan mako guda ta maƙale a rabi.

Dalilin a fili yake. Sandar gaɓa-gaɓa ce, kowace tana shigewa cikin 'yar uwarta, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta da wurin fenti. Bayan haka, sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe sannan saƙon rediyo ke gangarowa ƙasa. Fenti ya shiga tsakani, sai shuuu. A ciki kuwa akwai ɗan inji da ke tura wata igiyar roba mai tauri, wata mai haƙora wata sumul, tana naɗewa a cikin wani faifai. Idan sanda ta cije inji ba ya sani, zai ci gaba da turawa har haƙoran su cinye ko igiyar ta tsinke. Shi ya sa kuke jin eriya tana kuka amma ba ta motsi.

Ƙyallin asali ba fenti ba ne. Rufin nikel ne da kurom da ake ɗorawa da lantarki, siriri fiye da gashi. In ana son sabon rufi, sai a kankare tsohon, a goge ƙarfen, a sake tsoma shi a wajen masu wannan sana'a. In ba a same su ba, ana sayar da sandar haɗe da igiyarta, ba sai an yar da injin ba. Fenti yana da wurinsa: gidan injin da maƙalinsa, bayan an cire tsatsa. Ko a nan ma a bar inda ya haɗu da jikin mota tsirara, don ta nan yake samun at.

Mun san abin da za a ce mana: eriyar roba tana nan birjik a Ƙofar Ruwa da Panteka, ga araha, wa ke da lokacin wannan wahala? In motar haya ce, ba mu ja ba. Amma tsayin sandar nan ba ado ba ne. Tashoshin FM suna son wajen santimita 75, kuma a kan doguwar hanya, inda tasha ta yi nisa, guntuwar roba ba ta kamo abin da doguwa ke kamowa. Sannan duk wadda aka cire aka jefa wa 'yan gwangwan ta tafi ke nan.

Sauran laifin na baƙin mai ne da giris. Muna lafta su a jikin sanda, ƙurar hunturu ta zo ta zauna, su zama samfefa suna cin rufin. Tsumma mai tsabta ya isa, da ɗigon mai marar kauri, a sake gogewa. A leƙa bututun da ke ƙasan gidan injin kuma, wanda ruwan sama ke fita ta cikinsa. Idan ya toshe, damina ɗaya ta isa ta cika gidan da tsatsa.