Agogon hannu: ƙarko ya kamata a saya, ba ƙyalli ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wuse a Abuja ko ta Sabon Gari a Kano zai ga teburan masu agogo suna walƙiya kamar an baje zinare. Saurayi zai zaɓi wanda ya fi ƙyalli, ya biya kuɗi kaɗan, ya ɗaura. Kafin damina ta fita launin ya koɗe, fatar hannunsa ta yi kore, tururi ya kwanta a ƙarƙashin gilashin. Sai ya koma ya sayi wani. Kafin ya ankara, abin da ya kashe a kan tarkace ya isa ya saya masa agogo guda na kirki. Araha dai ba ta ado.

Sirrin ƙarkon agogo yana cikin ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Yawancin masu arahar nan da tagulla ko gaurayen zinki ake yin su, sannan a shafa musu ruwan zinare ko na azurfa. Gumi yana da gishiri, kuma da zarar ya cinye shafen sai asalin ya fito. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, wanda ake danganta gano shi ga Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Sinadarin yana haɗuwa da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar kariya, wadda ko an karce ta takan sake rufewa da kanta. Nau'in 316L, wanda akasarin kamfanonin kirki ke amfani da shi, an ƙara masa ƙarfin jure gishiri. A ƙasar da ake shan zafin bazara da ƙurar hunturu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Saboda haka ya kamata mai saye ya juya bayan agogo kafin ya dubi fuskarsa. Idan an rubuta "Stainless Steel Back", murfin baya kaɗai ake nufi, sauran jikin wani ƙarfe ne daban. "All Stainless Steel" shi ne ke nuna jikin gaba ɗaya. Haka ma lambar jure ruwa. Mita 30 ba ta nufin a nutse da shi mita talatin. Yayyafi da fantsamar ruwa kawai zai ɗauka. Mai alwala sau biyar a rana, ko ɗan acaɓar da ruwan sama ke duka, ya fi dacewa ya nemi mai mita 100.

Ba sai an kai ga Rolex ba, ko da yake shi ne ya shahara da agogon Oyster mai hana ruwa shiga tun 1926. Seiko 5, da ya fito a 1963, motsin hannu ne ke ɗaure shi, ba ya buƙatar batir. Citizen na da masu aiki da haske, Casio kuma na da na ƙarfe a farashi mai sauƙi.

Wasu za su ce waya ta riga ta kashe kasuwar agogo. Amma waya sai da caji, wuta kuma sai ta ga dama. Manomin da ya wuni a gona, ko mai hawan dutsen Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, ba shi da wurin jona waya. A unguwar da ake fama da ƙwacen waya kuwa, fito da ita don duba lokaci kaɗai kasada ce.

Wasu kuma za su ce talaka ba shi da halin sayen mai tsada, kuma da gaskiyarsu. Sai dai na hannu na asali ya fi sabon jabu, domin mai gyara zai iya buɗe shi, ya wanke injin, ya sauya zoben robar da ke tare ruwa. Jabu kuwa idan ya tsaya sai bola.

A nan ne hukumomi ke da aiki. Rubutun bayan agogo ba zai amfani kowa ba idan kowane maƙeri zai iya buga shi ba tare da tsoro ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su ne ya dace su sa ido a kan abin da ake shigowa da shi da sunan manyan kamfanoni. Kafin su yi hakan, mai saye ya nemi rasit, ya tafi da mai gyaran agogo in da hali, ya kuma tambayi mai teburin ko zai karɓi kayansa idan launin ya koɗe.