Masu Koyar Da Lissafi Kyauta A Landan: Ina Namu A Cikinsu?

 Akwai wata magana da ta shafi 'ya'yanmu da ke makarantun Ingila, wadda na ga ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau.

Kowa ya sani yaro a ƙasar nan in ya kai shekara 16 yakan ɗauki jarrabawar GCSE. Tun daga 2017 sakamakon lissafi da lamba ake ba da shi, daga 9 zuwa 1, kuma 4 ita ce matakin tsira. Wanda bai sami 4 ba, tilas ya ci gaba da karatun lissafin nan a kwaleji, ko yana so ko ba ya so. Aikin jinya, da koyarwa, da yawancin sana'o'in da ake koyo a hannun kamfani, duk sai an tambaye shi ita. Ga kuma ƙarancin malamai. A 2023 gwamnati ba ta sami ko kashi ɗaya cikin biyar na sababbin malaman fizis da take nema ba, watau ilmin nan na wuta da haske da motsi. Saboda haka sau da yawa wanda ke koya wa ɗanka wannan fanni ba shi ya karanta ba.

To, Turawa ba su zauna jiran gwamnati kaɗai ba. Suna da wani shiri mai suna STEM Ambassadors, wanda aka fara a 2002. Injiniya ne, ko likita, ko mai haɗa magani, ko mai aikin kwamfuta, sai ya rubuta sunansa, a binciki halinsa don a tabbata ba shi da laifin da zai hana shi kusantar yara, a ba shi ɗan horo, kana ya riƙa zuwa makarantu yana nuna wa yara yadda karatunsu ke aiki a wurin neman abinci. Ba a biyansa ko kwabo, makaranta ma ba ta biya. Akwai Code Club, da wasu mata biyu suka kafa a 2012, inda masu sa kai ke koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta bayan an tashi daga makaranta. Akwai kuma Action Tutoring, wadda a nan Landan ta soma, masu sa kai nata suna zama da 'ya'yan marasa ƙarfi sa'a guda kowane mako a kan lissafi da Turanci.

A ganina wannan ta ƙarshe ta fi mana amfani. Baƙon da ya zo sau ɗaya ya yi jawabi ya tafi, lalle yakan sa wa yaro sha'awa, amma sha'awa ba ta warware masa rabawa da ninkawa. Abin da ke gyara lissafi shi ne zama, mako bayan mako, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubutawa har ya riƙe. Masu kuɗi sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke ɗaukar wa 'ya'yansu malamin gida. Gwamnati ta taɓa zuba kuɗi a irin wannan koyarwa bayan annobar korona, daga 2020, amma shirin ya ƙare a 2024. Abin da ya rage wa talaka yanzu shi ne mai sa kai.

Dattawanmu ba baƙin wannan al'amari ba ne. A Landan aka kafa VSO a 1958, ta riƙa aika samari su koyar a Gana da Nijeriya. A watan Agusta na 1961 kuma rukunin farko na Peace Corps na Amurka ya sauka Ankara, zamanin Nkrumah, aka rarraba su makarantun sakandare. Amma 'ya'yan zango nawa ne suka zauna a gabansu? Kaɗan ne ƙwarai, gama iyaye na tsoron boko a lokacin. Waɗansu suka ci moriyar, mu kuwa muka zama masu gadi da 'yan dako. Ga shi abin ya sake zuwa har ƙofar gida.

Ba ina cewa shirin ba shi da aibi ba. Mai sa kai ba malami ba ne, ran da aiki ya matse shi ba zai zo ba, kuma bai kamata hukuma ta fake da shi ta ƙi ɗaukar malamai ba. Sai dai yaron da zai zauna jarrabawa a watan Mayu ba zai iya jira a gyara wannan ba.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kanmu. Cikin jama'armu ta Peckham da Tottenham akwai masu jinya, da akantoci, da injiniyoyi, 'ya'yanmu na cikinmu da suka gama jami'a a nan. Me ya hana su rubuta sunansu? Yaron da ya ga mai irin sunansa da irin fatarsa yana bayanin yadda ake auna magani, zai san abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Da ma ba nasu ba ne: Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malamin da ke raba gado kuwa, da sudusi da sumuni yake aiki.

Ku kuma 'yan kasuwa, sa'a gudan nan da za a riƙe yaro bayan an tashi, kada ku ce shago na jiransa, ko ku ce za ta ci lokacin makarantar allo. Ana iya matsar da karatun yamma da rabin sa'a, malamai ba za su ƙi ba in an yi musu bayani. Ran da aka kira taron iyaye, ku je da kanku, ku tambayi shugaban makaranta ko suna da masu sa kai na lissafi, in akwai a sa sunan ɗanku, in babu ku ce a nemo. Wanda Turanci ya yi wa nauyi ya zo ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a, za a haɗa shi da mai raka shi.